Ƙorafin Mutanen Pukarumi a Kan Injiniyan da Ya Tarwatsa Garken Bikunya

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Ofishin Kula da Namun Daji na Lardi

Daga: Eulogia Ccoyllo Taype, Shugabar Kwamitin Bikunya, ƙauyen Pukarumi

Kwanan wata: 24 ga Maris, 2019

Game da: Ɓarnar da Injiniya Wilfredo Barrenechea ya yi a tudunmu, da laifin da ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi, na rubuto ne a madadin gidaje arba'in da bakwai na ƙauyenmu, domin amsa takardarka ta 4 ga wannan wata, wadda ta sanar da mu cewa za a karɓe mana izinin kula da bikunya, wai muna harbinsu a ɓoye. Shekara ashirin da shida ke nan muna tsaron waɗannan dabbobin daji, ƙananan dangin raƙumi marasa tozo, masu gashi mai laushi da tsada. Sau ɗaya a shekara muke kora su cikin shinge, mu aske gashinsu, mu sake su, kuma da gashin nan 'ya'yanmu ke zuwa makaranta. Ranar da ofishinka ya turo mana Injiniya a Afrilun bara, bikunya ɗari huɗu da goma sha biyu ya tarar. Yau ɗari biyu da sittin ne. Ga inda sauran suka shiga.

1. Ranar 9 ga Afrilu muka tarbe shi da miyar busasshen dankali, muka ba shi ganyen koka saboda ciwon kan da tsawon dutse ya sa masa. Baba Hermógenes Llacta, mai gadin bikunyanmu, wanda ya haura saba'in, ya zauna ya yi masa bayani dalla-dalla: bikunya gida-gida suke zama, namiji ɗaya da matansa biyar ko shida da 'ya'yansu, kowane gida da filinsa. Namijin ne ke tsayawa a kan tudu yana dube-dube, in ya hangi kare ko dila ya yi fito, kowa ya gudu. Shi ne kuma ke korar ɗan da ya shekara, don ciyawa ta ishi na baya. Korarrun mazan su haɗu su yi nasu garken na gwagware, suna yawo a gefe, suna jiran ranar da wani mai gida zai gaza. Injiniya ya saurara yana latsa waya. Da aka gama ya ce, "Baba, ni shekara biyar na yi a birnin Lima ina karatun dabbobi. Kai me ka karanta?" Baba Hermógenes ya ce, "Waɗancan na karanta, yallaɓai," ya nuna masa tudu. Injiniya bai waiwaya ba.

2. Ranar 2 ga Yuni ya sa aka kama mazan bikunya masu gida har talatin da ɗaya, aka loda a mota aka kai wani aiki da yake yi a wani lardi. Dalilinsa, a rubuce, shi ne wai "masu faɗa ne, suna hana garke sakewa". Garke kuwa ya sake. Kafin sati ya zagayo gwagwaren sun sauko, suna cizon juna a kan matan, matan sun watse cikin duwatsu, ƙananan da ba su wuce wata uku ba suka rasa iyayensu. Babu mai fito. Karnukan da suka koma daji ba su taɓa cin daɗi irin na wannan wata ba, kuma da suna iya rubutu da tuni takardar godiyarsu tana kan teburinka.

3. A watan Agusta ya ɗauko leburori suka kwashe tulin kashin da bikunya ke tarawa wuri guda, wai tsafta yake yi don maganin ƙazuwa. Ko yarinyar da ke kiwon tumaki a nan ta san cewa da tulin nan kowane gida ke gane filinsa. Da na faɗa masa haka, ya dafa kafaɗata ya ce, "Iya, koma kan saƙarki, kimiyya ba ta mata ba ce." Dabbobin suka cunkushe a bakin marmaro ɗaya, suka cinye ciyawa har saiwa. Ƙazuwar da ke jikin guda uku ta kama fiye da arba'in.

4. Ranar 19 ga Janairu ya kawo baƙi daga birni, yana so su ɗauki hoton kora. Mu a lokacin rani muke kora, da ƙafa, riƙe da doguwar igiya mai tsummoki kala-kala, a hankali, har rana ta karkata. A Janairu matan bikunya cikinsu ya tsufa, saura 'yan makonni su haihu. Mun ƙi. Sai ya yi hayar babura takwas, suka bi dabbobin da gudu har cikin shinge, baƙi suna tafi. Mata ashirin da biyu suka yi ɓari a cikin kwana uku. Ni da hannuna na ɗauke bakwai daga cikin 'ya'yan, gashinsu ya riga ya fito, na naɗe su a mayafina don kada tsuntsaye su fara da idanunsu. Ina neman afuwa da na sa wannan a takardar ofis. A irin wannan wata na Maris mukan ƙirga jarirai fiye da ɗari. Bana goma sha tara muka gani.

5. Da lissafi ya ƙi fita, Injiniya ya rubuta rahoto cewa ana farauta a ɓoye, ya kuma ambaci sunan Baba Hermógenes. Ranar 26 ga Fabrairu 'yan sanda suka zo suka birkice ɗakin tsoho a gaban jikokinsa. Makamin da suka samu majajjawa ce ta gashin tumaki, wadda yake korar karnuka da ita. Mutumin da ya taɓa kwana uku cikin dusar ƙanƙara yana bin sawun maharba, yau ba ya hawa tudu. Yana zama a ƙofar gida ya juya wa dutsen baya, abinci ma sai an matsa masa.

Saboda haka, ranka ya daɗe, muna roƙo cikin ladabi a janye takardar 4 ga wata, a bar mana izininmu. Muna roƙon a wanke sunan Baba Hermógenes a rubuce, da hatimin ofis, a karanta a dandalin ƙauye ranar Lahadi bayan an fito coci, inda kowa zai ji. Mazan nan talatin da ɗaya, in akwai masu sauran numfashi, a dawo mana da su. Shi kuwa Injiniya ba mu nemi a kore shi daga aiki ba, muna da labarin yana da iyali. A ba shi kujera da tebur a wurin da babu wani abu mai rai da zai taɓa.

Idan kuma ofis ya ga lallai sai an sake turo mana masani, ba mu ƙi ba, za mu ba shi ɗaki da bargo. Sai dai muna roƙon a zaɓo wanda zai iya zama a kan dutse kwana bakwai yana kallo, bakinsa a rufe.

Ka huta lafiya, tare da dukkan girmamawar da ta dace da kujerarka.

Eulogia Ccoyllo Taype
Shugabar Kwamitin Bikunya, Pukarumi
Sa hannu da dangwalen yatsa na masu gidaje arba'in da bakwai suna a shafi na gaba.