Ƙasar Bakin Raga

Layin Coci, Thornroyd.
Talata, 11 ga Fabrairu.

Zuwa ga jikana Ellis,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Tamsin da 'yar ƙaramar nan Nell, wadda har yau a gilashin waya kaɗai na san ta. Allah ya raya ta, ya ba ta hankalin uwarta, ya kuma tsare ta daga kunnuwanka. Ni ina nan da sauƙi, in ka cire gwiwar hagu, wadda ta fi mutumin rediyo sanin ranar da za a yi ruwa. Babarka ta zo daga Leeds ranar Lahadi, ta buɗe firji, ta zubar da rabin abin da nake shirin ci, ta koma kafin shayinta ya huce. Kawunka Desmond yana nan da sabuwar mota da tsohon hali. Maƙwabciyata Mavis kuwa 'ya'yanta sun kai ta gidan kula da tsofaffi tun bayan Kirsimeti. Yanzu in na ƙwanƙwasa bango da safe, kamar yadda muka saba don kowa ta san 'yar'uwarta ta kwana da rai, bangon kaɗai ke ji. Duk da haka ina ƙwanƙwasawa. Sabo turken wawa.

To, ɗan nema, na ga saƙonka a kan ƙuri'a, da manyan baƙaƙe kamar kana yi wa kurma magana. Ka ce tun da kulob ɗinmu na magoya baya ne, kuma ka bar ƙuri'arka a hannuna, in je taro in ce a'a da tawa da taka, kada a kuskura a tone filin ƙwallonmu na Layin Marina a shimfiɗa ciyawar roba a kan kakanka. An yi taron ranar Alhamis. Na ɗaga hannuwana biyu, kuma duka biyun e suka ce. Kada ka yaga takardar tukuna. Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, shi ya sa na zauna na rubuta maka da hannuna, don a waya katse ni kake yi kamar babarka.

Kai ka buɗe ido ka tarar da kulob ɗinmu Thornroyd Albion a ƙasa, ba ka san ta taɓa yin tsayi ba. Ma'aikatan marinar masaƙa ne suka kafa ta, zamanin kakana yana saurayi, kuma da ragowar baban da ya saura a tukunya suke rina rigunansu, shi ya sa shuɗinmu bai taɓa zama iri ɗaya shekara biyu a jere ba. Har yau abokan hamayyarmu mutanen garin Cragley suna ce mana Masu Shuɗin Hannu, su a zatonsu zagi ne. Ina 'yar shekara goma sha bakwai muka fitar da wani babban kulob na Landan daga gasar kofi, cikin taɓon da ya kai idon sawu. Ranar har kan rufin masaƙa mutane suka hau. A ranar ce wani dogon yaro mai suna Cyril, wato kakanka, ya rungume ni lokacin da aka ci ƙwallo, bai san ni ba, ban san shi ba, kuma sai da ya shekara hamsin da ɗoriya bai saki ba. Daga nan masaƙa ta rufe, samari suka watse neman aiki, muka riƙa gangarowa mataki bayan mataki kamar mashayi a matakalar bene. Sai wani attajiri mai farin haƙori ya saye mu, ya ce cikin shekara biyar za mu riƙa karawa da manya. Ya tafi cikin shekara biyu, har da tukunyar shayina ta ɗakin sayar da abinci. Mu muka taru muka karɓi abinmu, domin hannunka ba ya ruɓa ka yanke ka yar.

Bana ruwa ya ci mu. Tun Nuwamba filin ya zama fadama, ana ɗage wasa bayan wasa, kuma ranar da ba wasa ba mai sayen tikiti, ba mai sayen mitfai ɗin da nake gasawa da nama a ciki. Shugabar kwamiti, Bernice, 'yar mai gyaran takalmin nan, ta faɗa mana ba ɓoye-ɓoye cewa in ba a sa roba ba, wadda ruwa ba ya hana ta aiki kuma makarantu za su riƙa haya duk mako, to baɗi war haka ba kulob. Na ji ta sarai, amma na ce a raina ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan yarda ba. Kai ne ka riƙe mini hannu ranar da muka zuba tokar gawar kakanka a bakin ragar da ke ɓangaren layin dogo, kamar yadda ya yi wasiyya. Abin da ba ka sani ba shi ne, tun da ka tafi New Zealand, duk Asabar ɗin da ake wasa a gida, in kowa ya watse na wanke kofuna, sai in taka zuwa bakin ragar nan in ba shi labari. In gaya masa wanda ya ci, da wanda ya mutu, da abin da alkalin wasa ya yi mana. Shekara tara ke nan. Shi kaɗai ne a garin nan ba ya duba agogo in ina magana.

Ana saura kwana biyu taro sai na ce bari in yi shirin ko-ta-kwana. Na ɗauki wuƙar yankan burodi da gwangwanin biskit, na tafi in yanko ɗan yankin ciyawar wurin, ko da za a kayar da mu. Ina durƙushe, gwiwa tana zagina, sai ga Norris mai kula da filin. Ya tsaya a kaina yana murza hularsa, fuskar nan kamar wanda ya haɗiye ƙuda. Na ce masa ya yi magana ko ya ba ni hannu in tashi. Sai ya ce shi fa ya daɗe yana ganina daga ɗakin ajiye kaya, ya rasa bakin da zai gaya mini. Wai ƙasar bakin raga ba ta kwana biyu a wurin. Golan nan suna tattake ta duk kaka har ta zama kamar siminti, saboda haka duk watan Mayu sai ya haƙe ta da zurfi, ya kwashe a baro, ya zuba sabuwa, ya shuka ciyawa. Mu kuwa a Afrilu muka zuba kakanka. Ka lissafa da kanka, kai da ka yi jami'a. Wata guda ya yi a wurin. Shekara tara ina ba ƙasar da aka sayo daga kanti labarin gari.

Ellis, na yi dariya har sai da Norris ya tsorata. Daga nan kuma abin ya juya, ban san lokacin da ya juya ba, na zauna dirshan a taɓo da gwangwanin biskit a cinya. Ban yi kuka irin wannan ba ko ranar jana'iza. Na ji kamar a ranar ne ya mutu, kuma wannan karon bai bar mini ko adireshi ba.

Da na lafa na tambaye shi inda ake kai ƙasar. Ya ce juji ake kaiwa, amma ta waccan shekarar ba ta je ba, in ina son sani in zagaya bayan rumfar 'yan kallo, inda lambunan haya suke, in tambayi Wilf Sugden. Ka tuna Wilf, ai. Ɗan Cragley ɗin nan da aure ya kawo shi garinmu, mai ɗaura jan gyalen kulob ɗinsu har cikin coci. Shi da kakanka sun yi shekara arba'in a tebur ɗaya a mashaya ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan ƙarfe nawa. Kakanka yana ce masa Ɗan Leƙen Asiri, shi kuma yana ce wa kakanka Limamin Masu Faɗuwa. Ko gaisuwar mutuwa da ya zo yi mini, cewa ya yi Cyril ya yi dabara, ya tafi kafin ya ga yadda za su lallasa mu a wasan Ista.

Na same shi yana gyaran kwamin albasa. Da ya ga taɓon da ke jikina da wuƙar burodi, sai ya juya bokiti ya ce in zauna. Ya nuna mini kusurwar da ke jingine da bangon rumfar, ya ce da kansa ya tura baron, sawu bayan sawu, da bayansa mai ciwo. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Enid, in na bari aka kai wawan nan juji, da wa zan riƙa musu?” Ashe duk Asabar yana nan zaune kan bokitin, yana jin ihun filin ta bayan bango, in an ci mu ya juya ya yi wa kusurwar dariya, in mun ci ya ce sa'a ce. Na ce me ya hana shi gaya mini. Ya ce ya ga ina jin daɗin inda nake zuwa, kuma shi ma ba ya son a raba shi da abokin faɗansa.

Ga kuma abin da zai ba ka haushi. Ka san manyan albasan nan da Wilf ke cinye gasar lambu da su duk Satumba? Daga kusurwar nan suke fitowa. Kakanka bai taɓa ɗaga kofi ba da ransa, ko na wasan kati, yanzu ga shi yana ɗauka shekara bayan shekara, kuma da sunan mutumin Cragley. Na gaya wa Wilf in Cyril ya ji wannan sai ya sake mutuwa.

Ina zaune kan bokitin nan sai wani abu ya faɗo mini. Ka tuna abin da kakanka ke yi in an ba da fenareti, namu ko nasu? Ba ya iya kallo. Sai ya miƙa mini kofin shayinsa, ya fice ta ƙaramar ƙofa, ya tsaya bayan rumfa yana jira ihu ya gaya masa. Mutane suna cewa gani ya kori ji, shi a wurinsa ji ne ya kori gani. Duk manyan abubuwan da suka faru a filin nan, daga bayan bangon nan ya ji su, taku kaɗan daga inda albasan suke. Mu ne muka kai shi bakin raga don mun ɗauka mun san shi. Baro ya mayar da shi inda ya saba tsayawa.

Shi ya sa na ɗaga hannu biyu. Roba ba za ta taɓa shi ba, amma in kulob ya mutu ihun zai ɗauke, kuma shirun nan shi ne zai binne shi da gaske. Na san shiru, ɗana, da shi nake kwana, da shi nake tashi, ba na so masa. An ci ƙuri'ar da ƙyar. Wasu tsofaffin sun daina gaishe ni, za su huce in sun ji ƙishin shayi.

Wasan ƙarshe a kan ciyawar gaske Asabar ɗin ƙarshe ce ta Afrilu, kuma da Cragley za a yi. An ce bayan an tashi kowa zai iya shiga ya yanki ɗan abin da zai kai gida. Ba zan ce ka zo ba, na san nisa, na san aiki, na san tafiya da jaririya. Na dai wanke gyalenka na shanya, na kuma gyara ɗakin baya, don kawai ƙura ta yi yawa. In ba ta yiwu ba, ka tashi da asubarku ka kunna rediyon kulob kamar yadda ka ce kana yi. Kada ka ji kunyar cewa ba ka gani. Jinin kakanka ne.

Abu ɗaya nake so ka riƙe, don babarka za ta ce ba tsafta, Desmond kuma zai manta. In tawa ta zo, kada ku kai ni bakin raga, kada ku ajiye ni a saman kabad cikin tulu. Ku zagaya bayan rumfa. Wilf ya yarda, da sharaɗin wai kada in sa masa baki in suna musu. Na ce masa ya jira ya gani.

Ka gaishe mini da Tamsin da kyau, da iyayenta, Graham da Lorna, ka ce na gode da hoton da suka aiko. Ka sumbaci Nell a goshi, ka gaya mata shuɗi ne launinmu, kowane irin shuɗi. Babarka da Desmond suna gaisuwa. Norris yana gaisuwa, har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Wilf ya ce in gaya maka za su ba mu uku ba ko ɗaya. Na je na gaya wa kakanka, a inda yake wannan karon.

Allah ya tsare, ya sada mu da alheri.

Kakarka mai ƙaunarka,
Enid Ackroyd