Mijina a Muchia Ya Girma, Yau An Ce Baƙo Ne

Assalamu alaikum admin da 'yan gidan nan. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Ni malamar firamare ce a Samaru, haifaffiyar Zariya, mun kusa shekara ashirin da aure, yaranmu huɗu, mata biyu maza biyu. Mijina asalinsa ɗan Nijar ne, mahaifinsa ya zo da shi ko wayo bai yi ba, a Muchia ya tashi, a nan ya koyi gyaran injin ban ruwa, yanzu yana da shagonsa a Sabon Gari. Masu noman rani daga Shika har Bomo duk sun san shi, in injinka ya tsaya ana tsakiyar ban ruwan tumatir shi za ka kira, ya hau mashin ya same ka har gona. In yana magana ba za ka ce ba Bazazzagi ba ne. Lokacin aurenmu ba wanda ya tambayi takarda, Babanmu, Allah ya ji ƙansa, cewa ya yi tunda yana sallah kuma yana da sana'a shi ke nan.

Abin ya faro ne bayan canjin gwamnati, nan aka canza, can ƙasarsu ma aka canza, aka rufe boda na wani lokaci, daga baya kuma aka shiga maganar sabon tsari a kan baƙi, wai duk wanda ba ɗan ƙasa ba ya je ya gyara takardar zamansa. Kowa da abin da yake faɗa, wasu su ce rajista ce kawai, wasu su ce daga rajistar sai motar mayar da su ƙasarsu. Shi kuma ba shi da fasfo, ba na can ba na nan, bai taɓa tunanin zai buƙata ba. Mahaifinsa ma a nan Zariya aka binne shi.

Ana cikin haka zaɓen ƙungiyar makanikai na layinsu ya zo, da ma shi ne mataimakin ciyaman, mutane suka ce shi suke so ya hau. A wajen mitin sai wani da suka koyi aiki a hannun oga ɗaya, wanda har abinci ya sha ci a gidana, ya miƙe ya ce ba za su ɗora baƙo a kansu ba alhali gwamnati na neman irinsa. Wani dattijo Ibo mai sayar da kayan gyaran inji ne kaɗai ya yi magana, ya ce in wannan baƙo ne to duk Sabon Gari a kwashe mu. Mijina ya janye, ya dawo gida ko abinci bai ci ba. Ba a jima ba mai shagon da yake haya ya ba shi notis, wai ba ya son abin da zai jawo masa tambaya. Babbar 'yarmu Ummi kuma ta dawo daga makaranta tana kuka, 'yan ajinsu sun ce ta haɗa kayanta za a zo a kwashe su.

Na je wajen wata maƙwabciyarmu lauya, ta ce yara ba su da matsala tunda ni na haife su, amma shi aurena ba ya ba shi zama ɗan ƙasa, da namiji ne ya auro mace daga can da abin ya fi sauƙi. Ta ce hanya mai kyau ita ce ya fara samun fasfon ƙasarsu, sannan ya nemi izinin zama, amma ba za ta iya ce mini ga lokacin da zai ɗauka ba, ko ma za a ba shi.

Da yayana ya ji, sai ya zo gida ya ce abu mai sauƙi ne, zai samo masa takardar ɗan asalin ƙauyenmu, a rubuta cewa ɗan ƙanin Babanmu ne da ya rasu. Wallahi ni na ji daɗi, har na fara hamdala. Mijina ya ce, "Yaya na gode, amma ubana yana kwance a ƙasar nan, in tashi in ce ba shi ya haife ni ba don in ci gaba da gyaran inji?" Yaya ya fusata, ya ce girman kai ne, in an kama mijin nawa, shi dai kar wanda ya kira shi a waya. Bayan ya fita ni da mijina muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba, na ce ya fi son sunan mamaci a kan 'ya'yansa masu rai. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Yanzu kuma an bugo daga can, mahaifiyarsa da ta koma gida bayan rasuwar mijinta ba ta da lafiya, sunansa take ta kira. Ya ce ƙarshen wata zai tafi, kuma ba zai dawo ya roƙi kowa ba, in an yi hutu mu bi shi. Na ce aikina fa, ga Innarmu da ta samu shanyewar ɓarin jiki a ɗakina take, ni nake juya ta, ga Ummi za ta rubuta jarrabawar gama sakandare, can kuma da Faransanci ake karatu. Ya ce to ni da yara matan mu zauna, zai tafi da mazan biyu. Na ɗauka ɓacin rai ne, sai da na ga ya fara sayar da kayan aikinsa, har akwatin sifanonin da ya gada a wajen ogansa. Shi kansa bai san garin ba, in ban da uwarsa ba wanda zai gane shi a can. Jiya autanmu ya tambaye ni, Mama mu 'yan ina ne, na ce ya je ya wanke hannu abinci ya sauka.

Jama'a yaya zan yi? In koma wajen Yaya a yi takardar a ɓoye, ko da mijina zai tsane ni in ya gano? In bar Inna da aikina in bi shi? Ko in zauna in ga an raba mini yara biyu nan biyu can? In akwai wanda ya bi hanyar takardun nan ya gama lafiya, don girman Allah ya faɗa mini a kwament. Masu cewa su koma ƙasarsu kuma ku yi haƙuri ku wuce, na ji wannan a bakin waɗanda suka fi ku kusa da ni.