Muzurun da Bature Ya Bar Mana

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, iyayena da 'yan'uwana mata na zumunta. Mama sakatariya, in kin tashi karantawa ki ɓoye sunana, ko da yake na san 'yan layinmu suna jin an ce mage za su fara zungurar juna. Don Allah ku ba ni shawara, kaina ya kulle.

Maigidana kuku ne, ya daɗe yana yi wa wani Bature injiniya girki a wani kamfani a Kudenda. Da ostariti ta shigo, wato tsuke bakin aljihun gwamnati, aka fara sallamar ma'aikata, Baturen ya tattara ya koma ƙasarsu, ya bar wa maigida muzurunsa, wai ba za a bari ya shiga jirgi da shi ba. Ba irin magen da kuka sani ba ne fa. Uwarsa ta gida ce, ubansa na daji, tsayinsa ya kai gwiwata, jiki duk ɗigo-ɗigo, in ya yi tsalle ɗaya sai kan katanga. Maigida ya sa masa suna Manaja, don ba ya aikin komai kuma ba ya cin tuwo. Mu da sai mun bi layi muke samun sabulu da madara, ni ce kullum a mahauta ina roƙon huhu da kawunan kaji, har mahauta sun san ni, suna tambayata ya jikin Manaja.

A gidan Bature yana da fili da itatuwa, mu kuwa ciki da falo ne a gidan haya. Da maigida yana da lafiya abin da sauƙi, kullum da yamma sai ya sa masa igiya su fita bayan layin dogo, ya sake shi ya yi ta gudu har ya gaji, su dawo ya kwanta lamo. To bara hawan jini ya kayar da maigida, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ni ina bakin kaskon ƙosai safe da yamma, kuma ko na samu lokaci dabbar nan ba ta yarda in ja ta. Sai na yi abin da na iya tun a ƙauye, na ɗaure shi a ƙafar gado kamar akuya. Ashe na ɓata. Ya cinye igiyar, ya yaga labule, ya fasa silin, ya dinga wani kuka irin na jariri, har mata suka fara hana 'ya'yansu wucewa ta ƙofarmu, wai ba mage ba ne, abin da ya kama mijina ne nake kiwo. Wannan magana ta yi mini ciwo fiye da komai.

Makon jiya ya fice ya kashe kajin da maƙwabciyata Maman Terna take kiwo don Kirsimeti. Ta yi mini tatas a tsakar gida, na ba ta haƙuri, don gaskiyarta ce. Baba mai gidan da muke haya ya kira ni ya ce yana tausayinmu, amma zuwa ƙarshen wata ko muzuru ya fita ko mu fita. Wani a gidan ya ce in ba shi, na san kuwa tukunya yake nufi. Ƙanena da yake noma a Kakau ya ce a kai daji a saki, amma wurin duk tarko ne, kuma wannan wawan bai san tsoron mutum ba, da ƙafarsa zai je gaban mafarauci.

Za ku ce mene ne abin wahala, ai dabba ce. Ni ma ba sonsa nake yi ba, Allah ya sani. Amma kullum sai ya hau gado ya miƙe a jikin ɓarin da ya mutu, maigida ya sa hannu mai lafiyar yana shafa shi, a nan ne kawai nake ganin fuskarsa ta saki. Tun da ya kwanta bai kira sunana ba, bai kira na 'ya'yansa ba, Manaja kaɗai bakinsa yake iya faɗa. Ran da muzurun ya wuni a waje, ko kunu ba ya karɓa.

Jiya ƙanena ya zo da buhu. Maigida na ganin buhun ya gane. Ya damƙe wuyan muzurun, ya kafe ni da ido, hawaye na gangarowa ta gefe ɗaya. Na ce wa ƙanena ya koma tukuna.

Ku da kuka yi jinyar miji, ku gaya mini. In tattara kaya in goya shanyayye in shiga neman ɗaki da dabbar da ba mai gidan da zai karɓa? Ko in zauna a bakin gado in ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana kallona?