Jaririyar da Shiru Ya Hana Barci

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa maigidan sauƙin ƙafar nan, ya raya mana yaran. Mu nan sai godiya. Inna ta warware har ta koma faɗan da ta saba, mai jego kuma tana samun ƙarfi.

Saƙonki ya iso, cewa in turo miki mai jego da jaririya su yi 'yan watanni a wurinki, tunda gidanki shiru ne, mu kuwa a saman maɗaba'a muke kwana. Na yi jinkirin amsawa ne don ba na son rabuwa da su, hujjar hanawa kuma ba ni da ita. Gaskiya yarinyar ba ta barci. Ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, uwar ta rame, an duba ta a asibiti an ce ba ciwo. Har an fara haɗa kaya.

Tun ranar da aka sallamo su na sa aka tsayar da babban injin da ke daidai ƙarƙashin ɗakinmu, muka mai da aiki kan ƙaramin da ke can baya. Ma'aikata suka koma magana da raɗa, Inna ta hana ko tari a kan matakala. Sai a makon jiya aikin littattafan makaranta ya matsa, dole aka tayar da babban da hantsi. Na hau sama in ba da haƙuri, na tarar daɓe yana ɗan rawarsa, yarinya ta saki hannuwa tana barci baki buɗe. Uwar ta harare ni kada in kuskura in yi magana. Da aka tsayar da injin don zuba takarda yarinyar ta ɓata fuska, da aka tayar ta koma barci.

Kin san ba na yarda da abu don ya faru sau ɗaya. Na sake gwadawa washegari, na tambayi ungozomar asibiti, na kuma karanta abin da na samu. Ashe ciki ba wurin shiru ba ne. Zuciyar uwa tana bugawa, jini yana gudu, hanji yana ƙugi, kuma tun wajen wata na shida kunnen ɗan tayi yake fara ɗaukar sauti, musamman mai kauri. Mai jego kuwa a teburin naɗe takarda ta yi aiki har watanta ya kama, injin yana gefenta. Wato da wannan ƙugin yarinyar ta yi girma, mu kuma muka tarbe ta da shirun da ba ta taɓa ji ba. Ungozomar ta yi dariya, amma ta gargaɗe ni kada a sauko da ita kusa da injin, ƙarar ta fi ƙarfin kunnenta. Wadda ke ratso daɓe ta isa.

Wani abin ya fi ba ni mamaki. An ce jariri yana gane muryar uwarsa tun daga haihuwa, na kuma gani da idona. Amma tana yin tsit idan mai tuƙa injin ya ɗaga murya daga ƙasa, ni kuwa in na yi magana ko a jikinta. Mai jego ta ce ina za ta san ni, mutumin da ya yi wata tara yana gyaran rubutu bakinsa a rufe. Yanzu da ƙarfi nake karanta mata duk shafin da nake dubawa. Jiya ta saurari rabin babi na lissafi tana kallon bakina, kafin ta yi hamma.

Don haka, Yaya, an kwance kayan, mai jego da jaririya suna nan tare da ni. Na gode da ɗawainiyar da kika so ɗauka. Ke ki zo ki gan ta, sai dai ki shirya kwana cikin ƙugi.

Ki gai da maigidan, da Babban Yaya, da Goggo in kin leƙa ta, da Auta. Inna da mai jego suna gaishe ki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki.