Kujerar Dama

Yaya Likita,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ƙafar Inna?

Kamfaninmu ya rushe, Yaya, har jiragen an sayar. Wani kamfani ya yarda zai ɗauke ni, amma aikinmu ba irin naku ba ne. Ke kin sauya asibiti da matsayinki a jaka. Matuƙin jirgi kuwa, duk furfurarsa, in ya sauya kamfani daga ƙasa zai fara. Kujerar dama za su ba ni, ta mataimaki.

Wallahi ba girman kai ke damuna ba, kunnena na hagu ne ya kusa mutuwa. A da ina kujerar kyaftin ta hagu, mataimaki na damana, ina jinsa tar. Yanzu kyaftin zai koma haguna. Bara da ƙyar na tsallake gwajin kunne, ga wani nan tafe. Ki taimaka ki koya mini dabarar na'urar gwajin, ke kin san cikinta. Ba ni da wata sana'a, Yaya.

Ƙaninki.

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau, sai dai ka hana ni barci.

Kai, ka ji kanka kuwa? In koya maka yaudarar na'ura, ka ɗebi iyayen mutane ka hau sama da su? Ba da ni ba! Ka zo in duba kunnen, wataƙila abin ƙara ji da ake sawa a kunne ya taimaka. Ka faɗa musu da bakinka tun kafin su gano. Tausayinka nake ji har cikin raina, amma a'a.

Allah ya kawo mafita.
Yayarka.

*

Yaya,

Barka da war haka. Ban zo ba, tsoro ya hana ni.

Jiya sabon kamfanin suka sa ni a ɗakin gwajin tuƙi, mai kwaikwayon jirgi. Kyaftin ɗin da ke haguna ɗalibina ne na da. Muna gab da sauka ya ce mu fasa, mu sake tashi. Ban ji ba, bakinsa kawai na ga yana motsi. Sai gani na yi allon ya yi ja. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, a sake?" Na cire bel, na faɗa musu komai.

Shike nan, Yaya. Ban san me zan zama ba. Don girman Allah kar Inna ta ji. Har yau duk jirgin da ya gifta sai ta fito tsakar gida ta ɗaga masa hannu.

Ƙaninki.

*

Auta,

Sannu, ɗan'uwana. Ka yi abin da ya kamata, na yi kuka kuma na gode Allah.

Ban faɗa wa Inna ba. Ina fara kame-kame ta ce, "Kunnen ne? To me kike tsammani ya sa na mayar da kujerata damansa duk sanda ya zo gida?"

Ka taho gida. Ta ce wuyanta ma ya gaji da kallon sama.

Yayarka.