Inna Dije, Yaƙin Bama Bai Ƙare a Gidanmu Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga kakata, Inna Dije. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Bala, maigidan nan naki da kike cewa ba ya kawo cefane sai surutu. Yanzu furfura ta cinye kaina, na yi ritaya daga koyarwa, ina nan gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Na rubuto ne saboda abin da ya faru a gidan nan kwanan baya. Na rasa wanda zan gaya wa ban da ke, domin da ke aka soma.

Kin san tarihi na koyar. Rayuwata duk na ƙare ta a gaban allo ina lissafa wa yara musabbabin yaƙin duniya na biyu: yadda aka wulaƙanta Jamus bayan yaƙin farko, yunwa da fushi suka ɗora musu azzalumi, Japan kuma ta ɗaga ido tana son ƙasashen mutane. Na iya wannan kamar karatun sallah. Amma ko sau ɗaya ban taɓa gaya wa ɗalibaina cewa yaƙin ya shigo har tsakar gidan kakata ba.

Babu ɗaya cikin masu wannan rigima da ya san akwai wani wuri wai shi Gyaɗi-Gyaɗi. Duk da haka Turawa suka nemi maza, aka nuna Kaka Audu, aka zuba shi a jirgi zuwa ƙasar Bama. Ya bar ki da babana a goye.

Sauran labarin a gutsuttsure na tsinto shi, wajen tsofaffi. Wani soja ya dawo ya rantse ya ga ruwa ya tafi da Kaka. Aka yi zaman makoki, aka raba sadaka, kika yi takaba kika fita. Bayan an jima dangi suka aurar da ke ga wani tela a Tarauni. Kina da tsohon ciki Kaka Audu ya yi sallama a ƙofar gida, da ransa, da ƙafafunsa.

Malamai suka zauna suka ce auren farko yana nan, abin da ke cikinki kuma halal ne, na telan ne, babu laifin kowa. Kika haifi Goggo Ladi, kika shayar da ita, ranar yaye kika miƙa ta gidan ubanta kika dawo ɗakinki. Kaka bai taɓa yi miki gori ba, an ce ma shi ba ya magana sosai tun da ya dawo. Danginsa ne suka riƙe abin, suka ba 'ya'yansu, su ma suka ba mu. Muka tashi muna ce wa su Goggo Ladi 'yan Tarauni, kamar wasu baƙi, alhali tsakaninmu da su ko kuɗin adaidaita ba ya ci.

To Inna, ɗana Kabiru ya ga wata yarinya a wurin aikinsu, Maryam, ya ce ita yake so. Da aka bincika, ashe jikar Goggo Ladi ce. Ni na yi murna a raina. Goggo da kanta ta sa aka kawo ta gidan nan, tsohuwa da sanda, ta ce ba sai an yi ta aike ba tun da abin duk na gida ne. Rabonta da tsakar gidan nan tun ranar da aka fitar da gawarki.

Yaya Tijjani, babbanmu yanzu, yana zaure. Bai ko rage murya ba. Ya ce mu ba ma haɗa jini da zuri'ar da aka samu mijin uwa yana raye.

Goggo tana kan tabarma, an ajiye mata ruwa ba ta kai ga sha ba. Ta ji, kowa ya ji. Ni kuma ina tsaye a bakin ƙofa, ni da na san hukuncin malamai, ni uban yaron, ban ce uffan ba. Na sunkuyar da kai ina duban takalmina, wai kada na yi wa yayana musu a gaban mata. Ta laluba sandarta ta tashi, ta yi mana sallama ɗaya bayan ɗaya, har da shi.

Wallahi Inna, kunyar da na ji ban taɓa jin irinta ba. 'Yarki aka zaga, ke aka zaga, a gidan da kika share shekara da shekaru. Kabiru bai yi mini rashin kunya ba, gara ma ya yi. Gaishe ni yake yi ya wuce, ba ya haɗa ido da ni.

Jiya bayan la'asar na daure na tafi Tarauni. Na durƙusa a gabanta na soma ba da haƙuri, na shirya magana mai tsawo irin ta malaman makaranta. Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce maganar Tijjani ba sabuwa ba ce, tun tana yarinya take jin ta a bakin rijiya. Abu ɗaya take so ta sani, tun da ni na zauna da ke har ƙarshe: ko kina ambatonta?

Inna, sai a lokacin na tuna. Da tsufa ya kama ki, duk jikarki mace da ta shigo ɗaki sai ki ce, "Ladi, kin ci abinci?" Mu kuwa mu yi ta dariya muna gyara miki, muna cewa Inna ta rikice. Na gaya wa Goggo haka. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe sai ta ce na je na kawo goron, Maryam ta Kabiru ce.

Ranar Asabar zan kai, ni da kaina. Na gaya wa Yaya Tijjani a gaban ƙannenmu. Ya ce in na je babu shi babu ni. Ina ƙaunarsa, shi ya riƙe ni bayan Baba, kuma ban san ko zai sauko ba. Zan je.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Kaka Audu da telan da ya riƙe ki da amana. Allah ya yafe mana abin da muka yi wa marainiyarki da uwarta tana raye, ya haɗa ku a inda ba a raba uwa da 'ya. Amin.

Naki,
Bala, ɗan ɗan'uwan Ladi.