Hannu Biyu a Kan Sitiyari

Zuwa ga Corinne, tauraruwar Dayton da kewayenta, sanyin idona, ruwan farko bayan zafin Agusta! Ya mai gashi kamar gemun masarar Ohio, mai idanu kamar kogin garinmu ranar da ba a zuba masa shara ba! Gaisuwa mai tarin yawa daga Thaddeus ɗinki, wanda yau kwana tara ke nan ba ki ɗaga wayarsa ba.

Shekara goma sha shida ina koya wa 'ya'yan mutane tuƙi, ban taɓa daka wa ɗalibi tsawa ba, har yarinyar da ta hau da ni kan shingen coci. Sai ga shi na daka miki, ke da na fi so a duniya. Na ce ki rufe min baki. Na faɗa, ba zan musa ba.

Kin tuna ranar? Lahadi da hantsi, muna hanyar Muncie gidan iyayenki a tsayar da ranar aurenmu, kek ɗin tuffa a cinyarki, kina waƙa ba a kan murya ba, ni kuwa ina jin daɗinta haka nan. Sai jiniya da fitilar motar ɗan sanda a bayanmu. Laifinmu kuwa babba ne: ɗan turaren nan mai siffar bishiya da kika rataya a madubi, wai yana tare min hanya.

Ya zakanyata! Wa ya taɓa kare ni kamar ke? Kika leƙo kika ce wa ɗan sandan, “Malam, me ya yi maka? Ka san mutumin nan shi ya koya wa rabin garinmu tuƙi? Faɗi sunanka in rubuta!” Sannan kika fizge murfin aljihun gaban mota za ki ɗauko takardu. Kanki na sunkuye, shi ya sa ba ki ga abin da na gani ba. Hannunsa ya sauka kan bindiga. Ke kika buɗe aljihun, amma ni yake kallo.

Da ya sallame mu kika ce na wulaƙanta ki a gaban baƙo, kuma zamanin wariyar launin fata ya wuce, an ci gaba. An ci gaba mana! Kakana a Alabama, baƙar fata irina, in ya hango farar mace, sauka yake daga gefen titi ya ba ta hanya, ni kuwa ga ni ina cin kek ɗinki, ke farar mace. Babanki yana ce min “ɗana”, kuma sau biyu kacal ya tambaye ni ko ina buga ƙwallon kwando, kamar duk baƙar fata ɗan wasa ne. Mama Odessa, mahaifiyata, ta ce ke yarinyar kirki ce, gishiri kawai ya kamata wani ya nuna miki inda ake ajiyewa. Wa zai ce ba a ci gaba ba?

Sai dai ke babanki ya koya miki cewa ɗan sanda ma'aikacinki ne, in ya yi ba daidai ba ki gaya masa. Ni kuwa ina da shekara goma sha biyar, tun ban san giyar mota ko ɗaya ba, Mama ta zaunar da ni a mota a kashe ta ce: sauke gilashi, kashe inji, hannu biyu a kan sitiyari, “ranka ya daɗe” a kowace jimla, kada ka taɓa komai sai ka nemi izini. Tana faɗa tana kuka. Har yau duk ɗalibi baƙar fata da ya zo hannuna sai na ƙara masa wannan darasin, ba ya cikin littafi.

Me ya hana ni gaya miki a shekara ukun nan da muke tare? Kunya ce, hasken raina. Wane namiji ne yake so masoyiyarsa ta san shi ma yana tsoro? Na ji tsoro ranar, Corinne, tsoro mai tsanani. Tsawar nan ba ta fushi ba ce.

Zobenki na nan inda kika jefa shi, a ramin ajiye kofi na mota. Ɗalibai na tambaya, ina ce musu su kalli hanya. Ki dawo, don Allah. Ki yi min faɗa a kicin, a coci, a gaban babanki in kin ga dama, zan sunkuyar da kai in ce kin yi gaskiya. Abu ɗaya nake roƙo: duk ranar da fitilar nan ta sake haskowa a bayanmu, kuma za ta hasko, ki ɗora hannuwanki inda zai gan su, ki yi shiru na minti biyar. Na san shirun zai ƙona ki. Amma so nake in tsufa, kuma kusa da ke nake so in yi.

Naki ni kaɗai, muddin ina numfashi,
Thaddeus Whitlow